Abubakar Tafawa Ɓalewa (1912–1966): Ɗalibin Kwalejin Katsina, Malamin Makaranta Kuma Marubuci

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin rayuwar Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta fuskar makarantar da ta rene shi, wato Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, inda ake kiranta Kwalejin Barewa a yau. An yi ƙoƙarin nuna cewa marubucin Shaihu Umar da Firayim Ministan Nijeriya na farko tarbiyya ɗaya suka sha, kuma halin malanta da ya samo a Katsina shi ne ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya ɗaure masa hannu a shekarunsa na ƙarshe.

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa a jerin marubutan ƙagaggun labarai na farko, masana tarihi kuma sun san shi a jerin shugabannin Jamhuriya ta Farko. Sau da yawa kowane ɓangare yakan ɗauki rabonsa ya bar wa ɗayan sauran, sai ka ce mutane biyu ne suka yi tarayya a suna. Illar wannan rabo ita ce ɗalibin adabi yakan karanta Shaihu Umar ba tare da ya tambayi dalilin da ya sa matashi ɗan shekara ashirin da ɗaya ya zaɓi bauta da haƙuri su zama jigonsa ba. Amsar tana cikin asalinsa da kuma makarantar da ya yi.

2.0 Kwalejin Katsina da Rassanta

An kafa Kwalejin Katsina a shekarar 1921, Gwamna Sa Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Manufar Turawan mulkin mallaka ita ce horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa ƙarƙashin En'e. Ana ɗauko ɗalibai kaɗan daga kowane lardi, a ba kowa lamba, su yi shekara biyar suna karatu. An fi matsa musu a kan Ingilishi, musamman lafazinsa, tare da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da Larabci da dabarun koyarwa. Ladabi da kiyaye lokaci da wasannin motsa jiki duk suna cikin horon.

A shekarar 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, a 1971 kuma ta karɓi sunan Barewa. Ko da yake mazauni da suna sun yi ta sauyawa, tsofaffin ɗalibanta suna ɗaukar kansu 'yan gida ɗaya. A zamanin Katsina ne Kashim Ibrahim da Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Sa'adu Zungur suka yi karatu. Zamanin Kaduna ya yaye Aminu Kano da Shehu Shagari, Zariya kuma ta yaye Yakubu Gowon da Murtala Muhammad. Makarantar da aka gina don samar da malaman aji ita ce ta samar da mafi yawan waɗanda suka karɓi mulki daga hannun waɗanda suka gina ta.

3.0 Asali da Karatu

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a ƙasar Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana hidima ne a gidan hakimin Lere, mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna Bafulatana ce. Ba ɗan sarauta ba ne, kuma wannan ya bambanta shi da da yawa daga cikin abokan karatunsa, waɗanda 'ya'yan sarakuna ne ko na hakimai ko na alƙalai. Sunan Tafawa Ɓalewa na garinsu ne, ya bi shi bisa al'adar makarantun boko na lokacin ta kiran yaro da sunan garinsa, kamar yadda aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari.

Bayan karatun allo da elementare, ya shiga makarantar lardi ta Bauchi, daga nan aka zaɓe shi zuwa Katsina a 1928, aka ba shi lamba 145. Ya tarar da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suna gabansa a aji. A nan ya ƙware a Ingilishi, ya koyi yin magana a tsanake, kowace kalma a muhallinta. Wannan lafazi ne daga baya ya jawo masa laƙabin mai muryar zinariya. Ga yaron da ba shi da gadon sarautar da zai dogara da shi, harshe da takardar shaida su ne jarinsa, ya kuwa riƙe su da kyau.

4.0 Malanta da Shaihu Umar

A 1933 ya kammala, ya koma Bauchi ya fara koyarwa a makarantar Midil, inda daga baya ya zama hedimasta. A wannan shekarar ce Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga cikin littattafai biyar da aka buga sakamakon wannan gasa, aƙalla uku sun fito ne daga mutanen Kwalejin Katsina: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu tsofaffin ɗalibai, sai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda malami ne a kwalejin. Sauran biyun su ne Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da East. Abin lura a nan shi ne makarantar da ta fi ba Ingilishi ƙarfi ita ce ta ba zuben Hausa na zamani mafi yawan marubutansa na farko.

Shaihu Umar ya bambanta da 'yan'uwansa. Imam ya bi hanyar raha da abubuwan al'ajabi, Bello Kagara ya bi ta jarunta da yaƙi, shi kuwa Abubakar ya tsaya kan rayuwar zahiri ta ƙarshen ƙarni na 19. Tauraron littafin malami ne a Rauta, yana ba almajiransa labarin kansa: yadda makirci na fada ya sa aka kori mijin mahaifiyarsa, Makau, yadda aka sace shi yana yaro, har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetara Sahara da shi ya ba shi ilimi, da yadda mahaifiyarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa cikin bauta. Da suka sadu a ƙarshe, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Abubuwa biyu a littafin sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, zaluncin da ya tarwatsa gidan su Umar daga fada ya taso, daga hassadar fadawa da sarkin da ya yanke hukunci bisa tsegumi. Matashin malami, ma'aikacin En'e, ya rubuta haka a lokacin da mulkin Turawa ke tafiya ta hannun sarakuna. Na biyu, tauraron bai ɗauki fansa a kan kowa ba. Ilimi da haƙuri da dogara ga Allah su suka fitar da shi, makomarsa kuma ita ce zama malami. Wanda ya karanta littafin da idon basira zai hango siyasar marubucin tun kafin ya shige ta: ya ga aibin tsarin sarai, amma yana son a gyara shi sannu a hankali, ba tare da an rushe shi ba. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

Bauchi ta shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ta tara tsofaffin ɗaliban kwalejin guda uku masu ra'ayi mabambanta. Aminu Kano yana koyarwa a Midil tare da Abubakar, Sa'adu Zungur kuma ya dawo gida daga Zariya. A zauren tattaunawa na Bauchi da aka kafa a 1943 suka riƙa tayar da batutuwan haraji da shari'a da mulkin En'e a gaban hukuma. Sa'adu da Aminu masu zafi ne, Abubakar mai sanyi. Daga baya su biyun suka zama jigogin NEPU, shi kuma ya bi NPC. A 1945 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, ya yi shekara guda, ya dawo ya ci gaba da aikin ilimi a En'en Bauchi.

5.0 Daga Aji Zuwa Majalisa

A 1946 aka zaɓe shi zuwa Majalisar Dokokin Jihar Arewa, a 1947 kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta ƙasa a Legas. A jawabansa na farko ya nuna shakka ƙwarai game da haɗin kan Nijeriya, yana ganin bai wuce kan takarda ba. Tsoronsa shi ne Arewa, da ƙarancin 'yan bokonta, za ta fita daga hannun Turawa ta faɗa hannun 'yan Kudu. Malamin da ya san yawan yaran da ke ajinsa ya san girman tazarar.

Babban abin da ya yi a wannan zango shi ne ƙudurin da ya gabatar a majalisar Kaduna a watan Agusta na 1950, inda ya nemi a binciki tsarin En'e a yi masa gyara. Ya soki yadda sarki shi kaɗai yake zama hukuma, da cin hanci, da yadda talaka ba shi da bakin magana a kan yadda ake mulkinsa. Ƙudurin ya tsallake da ƙyar, ya kuma ɓata wa wasu sarakuna rai, amma ya buɗe ƙofar sauye-sauyen da suka wajabta wa sarki yin mulki tare da majalisarsa. Abin da ya faɗa cikin hikaya game da fadar da ta kori Makau, shi ne ya faɗa a fili bayan shekara goma sha shida.

Da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ya kasance cikin manyanta. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri. Ziyarar da ya kai Amurka a 1955 don nazarin sufuri a kogin Misisipi ta sauya masa tunani: ya ga al'ummu daban-daban sun zama ƙasa ɗaya, ya dawo yana ganin Nijeriya ma za ta iya. A 1957 ya zama Firayim Minista, ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa da ta haɗa manyan jam'iyyu uku. Shi ya karɓi takardun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, bayan mako guda kuma ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Nijeriya ta zama wakiliya ta 99. Gwamnatinsa ta tura sojoji Kwango, ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin makamin ƙare-dangi a Sahara, ta kuma taka rawa wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963.

6.0 Shekarun Ƙarshe

A cikin gida al'amura ba su yi masa sauƙi ba. Shi ne shugaban gwamnatin tarayya, amma a jam'iyya mataimaki ne, shugaban yana Kaduna, wato Sardauna Ahmadu Bello, wanda tun a Katsina yake gabansa. Rikicin jam'iyyar AG ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962, aka ɗaure Obafemi Awolowo shekara goma a 1963. Ƙidayar jama'a ta 1962 da ta 1963 ta haifar da gardama mai zafi, ƙasar Tibi ta yi bore, zaɓen tarayya na Disamban 1964 kuma ya kusa raba shi da Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe.

Bayan zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965, ƙone-ƙone da kashe-kashe suka barke, Firayim Minista kuma bai kafa dokar ta-ɓaci ba kamar yadda ya yi a 1962. Masu sukarsa sun ce ya kare abokin ƙawancen jam'iyyarsa ne, Samuel Akintola. Wannan suka tana da tushe, kuma bai kamata ƙaunar da ake yi masa ta rufe ta ba. Haƙurin da yake ado ga malami a aji, wanda ya san yaro zai gane in an ba shi lokaci, ya zama jinkiri mai tsada a hannun shugaban ƙasar da wuta ta kama. Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci, amma sun kuma ce tun ran gini ran zane.

A watan Janairu na 1966 ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashen Kwamanwel a Legas kan batun Rodeshiya. Kwanaki kaɗan bayan watsewar taron, a daren 15 ga wata, wasu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. An tsinci gawarsa bayan 'yan kwanaki a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura. A wannan dare aka kashe Sardauna a Kaduna, da Birgediya Zakariya Maimalari a Legas, shi ma tsohon ɗalibin wannan kwaleji. Bayan wata shida da rabi mulki ya koma hannun wani ɗan gidan, Yakubu Gowon.

7.0 Kammalawa

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekara 53 a duniya. An shaide shi da gudun abin duniya, bai bar dukiyar da ta dace da muƙaminsa ba. Hotonsa yana kan takardar naira biyar, jami'ar tarayya ta Bauchi da babban dandalin Legas suna ɗauke da sunansa, Trevor Clark kuma ya rubuta tarihinsa mai tsawo a 1991. Ga fagen nazarin Hausa, aikin da ya rage shi ne a karanta Shaihu Umar tare da ƙudurin 1950 da jawabansa na majalisa a matsayin rubutun mutum ɗaya. Haka nan ya kamata a yi wa Imam da Zungur da Aminu Kano, domin a ga yadda horo ɗaya ya haifar da ɗan jarida da mawaƙi da ɗan adawa da Firayim Minista, kowannensu da irin amsar da ya bayar game da sarauta da talaka da ilimin boko.