Paul Dirac: Masanin da ba ya son magana, amma littafinsa ke koyar da ɗalibai har yau

Sama da shekara 90 ke nan da fitowar littafin The Principles of Quantum Mechanics, amma har yanzu ɗaliban fiziks na komawa gare shi idan suna son fahimtar kwantum makaniks, wato ilimin da ke bayanin halayyar ƙwayar zarra da abubuwan da ke cikinta. Da wannan ilimi aka ƙera ƙananan na'urorin da ke sarrafa wayar da ke hannunka.

An haifi marubucin, Paul Dirac, ranar 8 ga Agustan 1902 a birnin Bristol na Ingila. Mahaifinsa ɗan Suwizalan ne mai koyar da Faransanci, kuma ya tilasta wa yaron yin magana da shi da harshen. Dirac ya tashi mai yawan shiru, halin da ya bi shi har tsufa.

Ya kammala karatun injiniyan lantarki a 1921, amma bai samu aiki ba. Wannan ne ya sa ya koma karatun lissafi, kafin ya wuce Jami'ar Cambridge a 1923.

A 1928 ya fito da wani lissafi da ya haɗa kwantum makaniks da ka'idar Einstein. Lissafin ya nuna cewa ƙwayar ilaktaron na da kishiya mai nauyi iri ɗaya, amma cajinta akasin nata ne. Ba wanda ya taɓa ganinta sai a 1932, lokacin da Carl Anderson ya gano ta a Amurka. Shekara guda bayan haka Dirac ya samu kyautar Nobel tare da Erwin Schrödinger, yana da shekara 31.

Littafin ya fito a 1930. Kafin nan, Heisenberg da Schrödinger kowa na da hanyarsa ta bayanin fannin, sai Dirac ya tattara su a tsari guda. Alamomin lissafi da ya ƙirƙiro a 1939, waɗanda suka shiga bugu na uku a 1947, su ne ɗalibai ke amfani da su har yau.

Sai dai littafin ba na mai gaggawa ba ne. Babu tsawaita bayani, kowane mataki kuma ya dogara da na baya, don haka wanda ya tsallake shafi zai iya ɓata.

Dirac ya riƙe kujerar farfesan lissafi da Isaac Newton ya taɓa riƙewa a Cambridge daga 1932 zuwa 1969. Ya rasu a jihar Florida ta Amurka ranar 20 ga Oktoban 1984.