Wiliyam Wilbafos a Cikin Gidansa

Ya kai mai karatu, watakila ka ji sunan Wiliyam Wilbafos, wanda aka haifa a birnin Hul na ƙasar Ingila a 1759. Shi ne ya yi fama a majalisa wajen shekara 20 har aka hana fataucin bayi a 1807. Amma zo ka leƙa cikin gidansa, gama a can ake sanin mutum.

Ya yi aure a 1797, Allah kuwa ya ba shi 'ya'ya 6. Kullum yakan tara iyalinsa da barorinsa domin addu'a. Barorin da suka tsufa bai sallame su ba, ko da aikinsu ya ragu. A 1812 ya sauka daga babbar kujerarsa ta Yokshaya ya karɓi ƙarama, domin rashin lafiya, domin kuma ya kula da 'ya'yansa. Mai girma nawa ka sani da zai yi haka? Matalauta sun ci dukiyarsa ƙwarai. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar C.M.S. a 1799, ba domin lada ba.

Gwaji ya same shi da tsufa. A 1830 sana'ar madara ta babban ɗansa ta karye, dukiyar uban ta tafi wajen biyan hasara. Bai la'anci ɗan ba. Ya bar gidansa, shi da matarsa suka koma zama wurin 'ya'yansu biyu masu aikin ikilisiya. Ya rasu ran 29 ga Yuli 1833, kwana 3 bayan ya ji majalisa ta yarda a 'yanta bayi.