Tarihin Marigayi Farfesa James Franck (1882–1964)

Duk wanda ya zauna a ajin kemistiri zai tuna da darasin ƙarfin ɓalle ilektiron, watau yawan ƙarfin da ake bukata kafin a raba ilektiron ɗaya da ƙwayar atam. Mun haddace cewa na sodiyam kaɗan ne, wajen 5.1 a ma'aunin ilektiron-bolt, na haidirojin 13.6, na hiliyam kuwa 24.6, wanda ya fi na kowane sinadari. A wannan fitowa za mu kawo tarihin ɗaya daga cikin mutanen da suka fara ƙoƙarin auna wannan ƙarfi.

An haifi James Franck ranar 26 ga Agusta, 1882, a birnin Hamburg na ƙasar Jamus, cikin iyalin Yahudawa. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Barlin a 1906. A 1914 shi da abokin aikinsa Gustav Hertz suka riƙa harba ilektiron cikin tururin zaiba, suna ƙara ƙarfin lantarki sannu a hankali. Sai suka lura cewa da zarar an kai bolt 4.9, wutar da ke ratsawa takan faɗi kwatsam, domin atam ɗin zaiba ba ya karɓar ƙarfin da bai kai wannan adadi ba.

Su biyun sun ɗauka ƙarfin ɓalle ilektiron na zaiba suka auna. Amma Niels Bohr na ƙasar Danmak ya nuna cewa wannan ƙarfi yana ɗaga ilektiron ne kawai zuwa mataki na sama cikin atam. Fitar da shi gaba ɗaya sai an kai wajen 10.4. Daga baya Franck ya karɓi gyaran, kuma gwajin ya zama babbar shaida cewa ƙarfin cikin atam hawa-hawa yake kamar matakala. Saboda wannan aiki aka ba shi da Hertz lambar yabo ta Nobel ta 1925.

Franck ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har da rundunar iskar guba da Fritz Haber ya shirya. Bayan yaƙi ya zama farfesa a Jami'ar Gottingen. A Afrilun 1933 gwamnatin Hitila ta kafa dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati. Dokar ta keɓe tsofaffin sojoji irinsa, amma ya ƙi zama a kujerarsa alhali ana korar abokan aikinsa. Ya ajiye aiki a bainar jama'a, ya bar ƙasar, daga ƙarshe ya zauna a Jami'ar Shikago ta Amurka a 1938.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga aikin ƙera bom ɗin nukiliya. A Yunin 1945 ya shugabanci wani kwamitin masana da ya shawarci gwamnatin Amurka kada ta jefa bom ɗin kan biranen Japan ba tare da gargaɗi ba, gara a gwada shi a wurin da babu mutane a gaban wakilan ƙasashe. Ba a bi shawarar ba. Ranar 6 ga Agusta aka jefa shi a Hiroshima.

Ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda tsirrai ke sarrafa hasken rana. Ya rasu ranar 21 ga Mayu, 1964, yayin wata ziyara a Gottingen. Da yawa cikinmu yau na riƙe da muƙamai a ma'aikatu da makarantu. Wannan bawan Allah ya karɓi gyara a kan iliminsa, ya kuma bar kujera lokacin da zama a kanta ya zama goyon bayan zalunci.