Tarihin Jemis Makaswel, Masanin Hisabi

An haifi Jemis Makaswel a birnin Idinbura na ƙasar Sikotilan cikin shekarar 1831. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 8. Yana da shekara 14 ya rubuta bayaninsa na farko cikin ilmin hisabi, wani malami ya karanta a madadinsa gaban majalisar masana, saboda ƙuruciyarsa.

A zamaninsa injin tururi ke juya masaƙu. Tun 1788 Jemis Wat ya sanya wa injin linzami, watau dunƙulen ƙarfe biyu masu juyawa. In gudu ya yi yawa sai su buɗe, su rage tururi. In ya yi kaɗan sai su sauko, su ƙara. Amma wani linzamin yakan wuce makaɗi da rawa. Ya rage har ya zarce, ya ƙara har ya zarce, inji ya yi ta kai da kawo, zare ya tsinke, aiki ya ɓaci.

Fatake sun san misalin wannan. In an ɗora kaya bisa mizani, harshensa yakan wuce tsakiya ya komo, lilon yana raguwa har ya tsaya, sa'an nan a san nauyi.

A 1868 Makaswel ya warware mas'alar da hisabi. Ya nuna cewa in inji ya kauce daga gudunsa, halinsa huɗu ne: kaucewar ta yi ta ƙaruwa, ko ta yi ta raguwa, ko ya yi lilo mai girma, ko lilo mai mutuwa. Na biyu da na huɗu kaɗai ke da amfani. Maganin lilo kuwa shi ne abin da ke danne motsi, kamar ruwa mai kauri da sashen linzami ke ratsawa. In dannewa ta yi kaɗan, inji ya zarce. In ta yi yawa, ya yi nawa. Abin da ya rage na hisabin, Edwad Raus ya cika shi a 1877.

Makaswel ya zama babban malami a Kambirij a 1871, ya wallafa littafinsa kan lantarki da maganaɗisu a 1873. Ya rasu a 1879 yana da shekara 48, bai bar ɗa ba. Ƙa'idarsa ce tushen sarrafa jiragen ruwa da na sama. Mai horon almajiri da mai tsai da farashi su lura: gyaran da ya wuce kima ɓarna ne. Tamat.