Alvan Ikoku: Malamin da ke jikin naira goma, wanda Owerri ke tunƙaho da sunansa

Tambayi kowane ɗan kasuwa a Ama Hausa ko a Sabo hoton waye a jikin naira biyar, nan take zai ce Tafawa Ɓalewa. Naira ashirin kuwa ba a ma tambaya, don har suna ta samu, Muri. Amma kana zuwa kan naira goma sai a fara sosa ƙeya. Bayan takardar dai kowa ya gane shi, matan Fulani ne ɗauke da ƙoren nono. Mutumin da ke gaban ne ba a cika sani ba, duk da cewa tun 1979 yake yawo a aljihunmu. Sunansa Alvan Ikoku. Bai taɓa mulkin ƙasa ba, bai yi soja ba, bai tara dukiya ba. Malamin makaranta ne, kuma aikin ne ya kai shi jikin kuɗi.

Mazauna Owerri sun fi kowa jin sunan. Idan ka ji kwandasta na ihun Alvan, to babbar makarantar horar da malamai ta garin yake nufi. Abin mamaki, shi kansa ba mutumin Owerri ba ne.

An haife shi ranar 1 ga Agusta, 1900, a Arochukwu, garin da yanzu ke cikin Jihar Abiya. Arochukwu ba ƙaramin gari ba ne a tarihin ƙasar Ibo. Mutanen Aro fatake ne na gaske, sun baza unguwanninsu a garuruwa da dama kamar yadda Hausawa suka kafa zango-zango, kuma suna da wani wurin tsafi, Ibini Ukpabi, wanda ake zuwa daga nesa don yanke shari'a. Da wannan tsafi da cinikin bayi suka riƙe yankin shekara da shekaru. Alvan na goye Turawan Ingila suka kawo yaƙi a 1901 zuwa 1902 suka karya ƙarfin Aro. Ke nan ya buɗe ido ne a garin da tsohuwar hanyar cin abincinsa ta rushe, 'yan mishan kuma suka biyo bayan soja da coci da allo.

Ya yi firamare a makarantar gwamnati ta Arochukwu, daga nan a 1915 ya wuce Hope Waddell da ke Kalaba. Wannan makaranta ta 'yan mishan ɗin Sikotilan ce, an buɗe ta a 1895, kuma tana da wani tsari da ya bi Ikoku har ƙarshen rayuwarsa: ba karatun littafi kaɗai ake yi ba, ana koyar da kafinta, ɗinki, aikin buga littattafai da sauran sana'o'in hannu. Manyan mutanen Gabas da yawa sun bi ta nan, ciki har da Akanu Ibiam da Nnamdi Azikiwe.

A 1920 ya fara koyarwa a Itigidi, cikin Jihar Kuros Riba ta yanzu. Bayan shekara biyu ya koma kwalejin horar da malamai ta St. Paul da ke Awka. A nan ne ya yi abin da ya fito da sunansa. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a Najeriya. Ta Ibadan sai a 1948 aka buɗe ta. Mai son digiri, ko dai iyayensa su iya biya masa jirgin ruwa zuwa Ingila ko Saliyo, ko kuma ya haƙura. Ikoku bai haƙura ba. Jami'ar Landan tana da tsarin da mutum zai yi karatu daga inda yake, ya zauna jarrabawa ba tare da ya taka harabarta ba. Da rana yana aji da ɗalibai, da dare yana kan nasa littattafan. A 1928 ya samu digiri a fannin falsafa. Yau da ake karatu ta waya abin zai yi kamar ba komai, amma ka tuna littafi ɗaya sai ya yi makonni a teku kafin ya iso hannunka, kuma ba wani malami da za ka je ka tambaya idan ka kakare.

Da irin wannan takarda a hannu, a wancan zamani, hanya a buɗe take: ya zauna a ƙarƙashin mishan ko gwamnati, ya ci albashinsa cikin kwanciyar hankali. Sai ya tattara ya koma gida. A farkon shekarun 1930 ya buɗe makarantar sakandare tasa ta kansa a Arochukwu, ya sa mata suna Aggrey Memorial.

Sai an san yadda abubuwa suke kafin a gane girman kasadar. Kusan duk makarantun Kudu a lokacin na coci ne, 'yan kaɗan na gwamnati. Coci na da kuɗin da ke zuwa daga Turai, tana da malamai, tana da kunnen jami'an ilimi. Baƙin mutum shi kaɗai ya ce zai kafa sakandare, dole ya nemo fili, ya gina azuzuwa, ya biya malamai daga ɗan kuɗin makarantar da iyaye talakawa ke kawowa, sannan ya gamsar da sufeto Bature cewa abin da yake yi karatu ne. Ga shi kuma lokacin duniya na cikin matsin tattalin arziki, farashin manja da ƙwarar kwakwa, waɗanda su ne kuɗin mutanen Gabas, ya faɗi warwas. A haka ya fara. Kuma bai tsaya ga maza ba, ya ɗauki 'yan mata, ya kuma sa aikin hannu irin su kafinta cikin darussa, kamar yadda ya gani a Kalaba. A ganinsa, yaron da ya iya Turanci amma bai iya riƙe guduma ba, karatunsa da saura.

Sunan da ya zaɓa ma da dalili. James Aggrey mutumin Gana ne, lokacin ana ce mata Gwalkwas, malami kuma mai wa'azi wanda ya yi karatu a Amurka, ya zagaya Afirka da wani kwamitin binciken ilimi a farkon shekarun 1920, ya zama mataimakin shugaban kwalejin Achimota, ya rasu a 1927. Ga matasan malamai irin su Ikoku, Aggrey shi ne shaidar cewa baƙar fata zai iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Bature a fagen ilimi. Cikin waɗanda suka zauna a azuzuwan Aggrey Memorial akwai K. O. Mbadiwe, wanda daga baya ya zama minista a Jamhuriya ta Farko.

Siyasa ta same shi ne ta ƙofar makaranta. Da aka kawo tsarin mulkin Richards, an naɗa shi cikin Majalisar Jihar Gabas a 1946, a shekara mai biye kuma ya tafi Majalisar Dokoki ta Legas. Maganarsa a can ba ta cika wuce abu biyu ba: yaro da malaminsa. Malamin mishan a wancan lokaci abin tausayi ne. Albashinsa bai kai na takwaransa na gwamnati ba ko da takardunsu ɗaya, ba shi da tabbacin fansho, kuma fada ko fasto na iya sallamarsa duk ranar da ya ga dama. Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, NUT, wadda aka kafa a 1931 ƙarƙashin Rabaran Ransome-Kuti na Abeokuta, mahaifin Fela, ita ce ke wannan faɗa, Ikoku na cikin manyanta. A 1955 shugabancin ƙungiyar ya dawo hannunsa. Duk malamin da yau ke fita yajin aiki a kan albashi, ko ya sani ko bai sani ba, turbar waɗannan dattawa yake bi. Sai dai kash, ƙorafin bai canja sosai ba.

A siyasar jam'iyyu kam bai ji daɗi ba. Gabas ta Zik ce da NCNC, shi kuwa yana ɓangaren adawa, a ƙaramar jam'iyyar da daga baya ta haɗe da ta su Eyo Ita aka samu UNIP. Sannan ga abin da har yau ake ba da labarinsa a ƙasar Ibo. A zaɓen Majalisar Gabas na 1957, wanda ya fito takara da shi a mazaɓarsa ba kowa ba ne illa ɗan cikinsa, Samuel Goomsu Ikoku, matashi mai ra'ayin gurguzu, a ƙarƙashin jam'iyyar Awolowo. Ɗan ya kayar da uban. A wajenmu wannan abu ne mai nauyin gaske, ɗa ya tsaya a dandali yana neman a ƙi mahaifinsa, kuma a ƙasar Ibo ma an daɗe ana surutu a kai. To amma wa ya koya wa yaron tsayawa a kan ra'ayinsa? Gidan da ya tashi ne.

Wannan ɗa nasa, dattawanmu na PRP sun san shi sarai. S. G. Ikoku shi ne sakataren jam'iyyar na ƙasa, kuma shi ya tsaya wa Malam Aminu Kano mataimaki a zaɓen shugaban ƙasa na 1979. Wato a shekarar da hoton uban ya hau naira goma, ɗan yana zagaya ƙasa da Malam suna neman ƙuri'ar talakawa.

Faɗuwa zaɓe ba ta sa dattijon ya yi shiru ba. A 1962 ya fito da kira cewa a mayar da ilimi haƙƙin kowane yaro a doka, firamare ta shekara shida ta zama kyauta a duk faɗin Najeriya. Kalmar duk faɗin Najeriya ita ce muhimmiya a nan. Jihar Yamma ta fara firamare kyauta tun 1955. Gabas ta gwada a 1957, kuɗi suka gaza, shekara na zagayowa aka dawo da biyan kuɗi a wasu azuzuwa, mata suka fito zanga-zanga. Arewa kuwa tana can baya nesa a yawan makarantun boko. Ikoku ya ga cewa muddin aka bar wa kowace jiha abin, to rabon yaro zai dogara ne ga inda aka haife shi. Gwamnatin lokacin ba ta karɓa ba. Sai a 1976, ƙarƙashin mulkin soja na Obasanjo, aka ƙaddamar da shirin UPE a ƙasa baki ɗaya, shirin da ya kai makarantar firamare ƙauyukan Arewa da yawa a karon farko. Shi bai gani ba. A 1965 dai Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta, sannan yaƙin basasa ya zo ya rufe makarantun Gabas kusan shekara uku. Ya ga ƙarshen yaƙin, ya rasu ranar 18 ga Nuwamba, 1971, yana da shekara 71.

To ina Owerri ta shigo? A 1963 gwamnatin Jihar Gabas, da taimakon UNESCO, ta buɗe babbar kwalejin horar da malamai a garin, irin waɗanda aka buɗe a Zariya da Legas a 'yan shekarun nan don samar da malaman sakandare 'yan ƙasa. Bayan rasuwar Ikoku, gwamnatin Ukpabi Asika ta sa mata sunansa a 1973. Owerri a lokacin ƙaramin gari ne. Sai da ta zama hedikwatar Jihar Imo a 1976 ta fara buɗewa. Daga nan makarantu suka yi ta tsirowa kewaye da ita: kwalejin kimiyya da fasaha ta Nekede, Jami'ar Fasaha ta Tarayya wadda aka fi sani da FUTO a 1980, sai Jami'ar Jihar Imo da ta dawo cikin garin bayan an cire Abiya a 1991. Owerri ba ta da kasuwa irin ta Anacha ko masana'antun Aba. Ɗalibai da ma'aikata da otal-otal ne ke juya kuɗin garin. Mai suya da mai shayi da mai kayan gwari na Ama Hausa sun fi kowa sanin haka, don ranar da aka tafi hutu ko aka shiga yajin aiki, ciniki ne ke fara faɗa musu.

Abin da ya rage shi ne, mu nawa ne ke shiga waɗannan makarantu a matsayin ɗalibai, ba masu kai kaya bakin ƙofa ba? Akwai iyalan da suka yi kaka da jika a Owerri, yaransu na jin Ibo kamar 'yan gari, amma da yawa daga firamare ake janye su zuwa shago. FUTO da Nekede da Alvan duk na gwamnatin tarayya ne, ba na 'yan Imo kaɗai ba. Ita Alvan ta koma hannun tarayya a 2007, a 2023 kuma aka ɗaga ta zuwa jami'ar ilimi, ba a taɓa sunan ba. Makarantar Aggrey Memorial ma tana nan a Arochukwu har gobe.