Amedeo Avogadro: lauyan da ya buɗe hanyar ƙirga abin da ido ba ya gani

Duk ɗalibin lise da ya taɓa yin lissafin mol ya ci karo da sunan Avogadro. Sai dai mai sunan ya rasu tun kafin masana su amince da ra'ayinsa.

An haifi Amedeo Avogadro a birnin Turin na Italiya ranar 9 ga Agustan 1776. Fannin shari'a ya karanta, ya samu digirin dokta a 1796. Daga baya ya karkata ga lissafi da kimiyya, kuma a 1809 ya fara koyarwa a garin Vercelli.

A 1811 ya wallafa maƙalar da ta fito da sunansa. A cikinta ya nuna cewa mazubi biyu masu girma ɗaya, in zafi da matsinsu ɗaya ne, adadin ƙwayoyin iskar da ke cikinsu ɗaya ne, ko wace irin iska ce. Ya ƙara da cewa ƙwayoyin zarra na haidirojin da oksijin bibbiyu suke haɗuwa. Wannan ya warware abin da Gay-Lussac na Faransa ya gano: awo biyu na haidirojin da awo ɗaya na oksijin suna ba da awo biyu na tururin ruwa.

Manyan masanan lokacin sun yi biris da shi. Ya samu kujerar farfesa a Jami'ar Turin a 1820, aka soke ta bayan boren 1821, kuma sai da ya shafe fiye da shekara goma kafin ya koma. Ya rasu ranar 9 ga Yulin 1856.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa, ɗan ƙasarsa Stanislao Cannizzaro ya farfaɗo da ra'ayin a taron masana sinadarai na Karlsruhe a Jamus. A 1909 kuma Jean Perrin ya ba da shawarar a sa wa adadin sunan Avogadro.

Tun daga 2019, an tsayar da mol ɗaya a kan ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³. Da shi ake mayar da ƙirga zuwa awon sikeli: mol biyu na haidirojin, wato giram 4, da mol ɗaya na oksijin, giram 32, suna ba da giram 36 na ruwa. Da irin wannan lissafi masana'antun magani da na takin zamani ke sanin yawan sinadarin da za su zuba ba tare da asara ba.