Frederic Church: Mai Zanen Da Ya Iya Kasuwa

An haifi Frederic Church a garin Hartford na ƙasar Amurka a shekarar 1826. Mahaifinsa maƙerin azurfa ne mai hali, don haka yaron bai tashi cikin talauci ba. Yana ɗan shekara 18 aka kai shi wurin Thomas Cole, babban mai zanen duwatsu da dazuzzuka na zamanin, ya yi shekara biyu yana koyon aikin fenti.

Abin da ya fito da sunansa shi ne zanen Niyagara na shekarar 1857. Niyagara wata babbar magangarar ruwa ce a kan iyakar Amurka da Kanada. Mu da muka saba da gulbin Maradi, wanda ke cika da damina ya ƙafe da rani, sai mu ƙaddara wani kogi da ba ya yankewa, yana faɗowa daga tsawon mita kamar 50 dare da rana. Church ya zana shi a faɗin fiye da mita 2, har da bakan gizo, bai bar wa mai kallo gaɓar da zai tsaya ba, sai ka ji kamar ruwan zai tafi da kai.

Amma mu a ganinmu, dabarar saidawar ta kai zanen. Wani kamfani a Niyok ya biya shi dala 4,500, dalar Amurka fa, ba dalar sefa ta cefanenmu ba. Aka ajiye zanen shi kaɗai a ɗaki mai duhu, aka haska masa fitila, dubban mutane suka riƙa biyan kwatan dala don su gani. Aka kuma buga kwafi ana saidawa. Haja guda, ciniki uku.

Duniya ba ta bar shi haka ba. A 1865 mashaƙo ya kashe masa ƴaƴa biyu cikin wata guda. Daga baya ciwon gaɓɓai ya kama hannunsa na dama, ya koma zane da hagu. Yayi kuma ya juya, masu saye suka koma wa wani salo. Ya rasu a 1900, an kusa mantawa da shi.

A 1979 aka yi gwanjon wani zanensa na tsaunukan ƙanƙara, ya tashi dala miliyan 2 da rabi. Shi kuwa zanen Niyagara, tun 2014 yana babban gidan zane na ƙasa a Washinton.